Tubabben Ɓarawon da Bai Taɓa Sata Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na zama tsohon ɓarawon babura, ni da ko keke ban iya ba sai da na shekara goma sha biyar. Duk lokacin da abin ya faɗo mini a rai, ko da ina tsakiyar rubutu a allo ne, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Rabin garin Zuru dai ya riga ya san labarin, to gara sauran rabin su ji daga bakina.

Bari in fara gaya muku irin mutumin da nake, don ku san girman ƙaryar. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar firamare a nan cikin gari. Tun ina yaro ban taɓa dambe da kowa ba. A makaranta ni ne mai kaɗa ƙararrawa, a majami'a ni ne mai jera kujeru, kuma har yau in na hango talo-talo a hanya sai na tsallaka ɗaya gefen (wanda talo-talo bai taɓa bi ba, kada ya yi mini dariya). Babban laifin da na taɓa aikatawa shi ne ɗaukar tsokar nama ɗaya a tukunyar mahaifiyata, kuma kafin a sauke tuwo na je na kai ƙarar kaina. Shekaru ukun da na yi ina karatu a Kaduna, a gidan Kawu Ishaya ƙanin mahaifiyata na yi su, kuma ƙarfe shida na yamma ba ta taɓa yi mini a waje ba.

Ana nan sai Allah ya haɗa ni da Rifkatu. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, muna zumuntar matasa ɗaya a majami'a. Wata biyar cur ina zuwa gidansu zance kowace Lahadi da yamma, da lemo a leda, na goge takalmi har yana ɗaukar ido. Takan shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, "Sannu da zuwa, Malam, ya yara?" Ni kuma in dage ina ba ta labarin yadda 'yan aji huɗu suka kasa gane rabawa. Tana saurara, amma na sha kama ta tana danne hamma.

Abu ɗaya ne na lura yana tayar da ita. Kowace Asabar tana zuwa bayan tasha wurin samarin da shaye-shaye ya lalata, tana yi musu magana, tana wanke musu ciwo. In ta fara ba da labarinsu sai fuskarta ta canza gaba ɗaya. Akwai wanda ya bar shaƙar sholisho ya koyi walda, sau uku tana ba ni labarinsa, kowane karo da ƙwalla a idonta. Ni da ban taɓa shaƙar komai ba sai ƙurar alli, ko ɗigon hawaye ɗaya ban samu ba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne maganar da ƙanwata ta kwaso mini daga wurin wata ƙawar Rifkatu. Wai ta ce, "Malam mutumin kirki ne, ba shi da aibu ko kaɗan. Amma ba shi da labari." Wannan magana ta tsaya mini a ƙahon zuciya. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi, don ina son yarinyar nan so na gaske, kuma na ga alamar tana shirin sallamata cikin mutunci.

A makon ne na biya ta shagon abokina Danladi da ke bakin kasuwa. Sana'arsa tura finafinai da waƙoƙi a waya, sannan in mutum yana da tsohon kaset na bidiyo yakan juya masa a filasha. Halinsa kuma, duk abin da aka kawo sai ya ajiye wa kansa kwafi. Ya dube ni ya ce, "Malam, akwai wani na Turawa, baƙi da fari, ba fassara, kowa ya ƙi shi. Irin naka ne." Na karɓa don dai kyauta ne.

Tsohon fim ne na ƙasar Cekoslobakiya (a lokacin ban san haka ba, na ɗauka Rashawa ne). Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma labarin a bayyane yake. Wani saurayi ne mai rigar fata, shugaban 'yan iskan unguwarsu. Suka saci babur, suka zagaye gari da shi, da suka gaji suka tura shi daga kan gada ya faɗa kogi. Ya fizge wa wani tsoho agogon aljihu a tashar jirgin ƙasa. Aka kama shi, aka kai shi gidan horon yara, aka sa shi ɗaukar bulo. A can ya haɗu da wata yarinya mai raba musu abinci, kullum sai ta ƙara masa yankan burodi ba tare da ta ce uffan ba. Daga ƙarshe ya cusa rigar fatar a cikin duro ya cinna mata wuta, ya nemo tsohon ya mayar masa da agogonsa, ita kuma tana tsaye a bakin ƙofa tana jiransa, ƙanƙara na zuba.

Sau huɗu na kalla. Ba babur ɗin ne ya ɗauki hankalina ba, kallon da yarinyar ke yi masa ne. Tunda nake ba a taɓa yi mini irin wannan kallon ba, kuma na gane dalili: ba ni da abin da za a yafe mini.

Lahadin da ta biyo baya na je ba lemo. Na zauna a tabarma na yi ajiyar zuciya sau biyu, ba ta lura ba, na ƙara na uku da ƙarfi.

"Malam, lafiya?"

"Rifkatu, akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba."

Na kwashe fim ɗin nan kaf na zube mata, sai dai na ɗauko shi na dire a Kaduna. Gada ta zama gadar kogin Kaduna, tasha ta zama tashar jirgin ƙasa ta can. Ƙanƙarar na cire, ai ni ba wawa ba ne. Rigar fatar kuwa na bar ta, don ita ta fi burge ni. Sannan na ƙara nawa gishirin: na ce agogon tsohon yana wurina shekara da shekaru, sai da na haɗu da ita zuciyata ta karye, shi ya sa na tafi Kaduna a hutun da ya wuce na nemo mutumin na mayar masa (gaskiyar magana, takardar shaidar gama karatuna na je karɓa). Har na kama hannun riga zan nuna mata tabon wuƙa a damtsena, sai na tuna ma'aikaciyar jinya ce, ta san tabon allurar rigakafi. Na yi maza na nuna mata na ƙwaurina, wanda na samu ranar da na faɗa kan garwar ruwa.

Da na ɗago kai, sai ga kallon nan. Irinsa sak. Hawaye na bin kumatunta, ta kama hannuna, karo na farko a wata biyar, ta ce, "Me ya sa ka riƙe wannan kai kaɗai duk tsawon lokacin nan?"

Da ina da hankali a nan ya kamata kunya ta kama ni. Amma daɗi na ji, ba zan ɓoye muku ba. Na koma gida ina jin kaina wani ƙato.

Wata uku na yi ina shan gata. Sau biyu take kirana a rana. Tana aiko mini da abinci makaranta. Takan tambaye ni a hankali ko tsofaffin abokaina suna nemana, ni kuma in girgiza kai in ce, "Na rufe wannan babin." Har tafiyata ta canza, na koyi sa hannu ɗaya a aljihu da kallon nesa. Shugaban makarantarmu sai da ya tambaye ni ko ciwon wuya nake yi.

Matsalar ta fara ne ranar da na yi mata maganar aure. Ta amince, amma ta ce dole ta gaya wa iyayenta komai. Na roƙe ta, na ce sirri ne tsakanina da ita da Ubangiji. Ta ce, "A'a, Malam. Gara su ji daga bakina da su tsinta a gari." Dole na ƙyale ta.

Mahaifiyarta ta ce atafau, ba za ta ba ɓarawo 'yarta ba ko ya tuba sau goma. Sati uku suna kai ruwa rana a gidan. Rifkatu ta yi azumin kwana uku a kaina, ta rame, ni kuma ina ba ta haƙuri ina cewa ta bar wa Allah (ku dubi ƙarfin hali). Mahaifinta kuwa, in ji ta, bai yi faɗa ba. Ya saurara har ƙarshe, ya sa ta maimaita wurin agogon sau biyu, sannan ya ce, "Ki ce shi turo magabatansa. Shi ma shi zo tare da su."

A al'adarmu saurayi ba ya zama a wurin da manya ke maganar aurensa. Wannan kaɗai ya isa ya sa in sha jinin jikina. Ni kuwa sai na ɗauka girmama ni aka yi.

Baba Saje ake kiran mahaifin nata. Tsohon sojan sama ne, makanikin jirage, kuma a Zuru wannan ba abin mamaki ba ne, da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da hoton wani cikin kaki a bango ba. Ɗan ƙaramin mutum ne marar yawan magana, kullum ka je za ka same shi yana kwance rediyo ko injin ban ruwa. In na durƙusa na gaishe shi, "Lahiya" kawai yake cewa ya ci gaba da aikinsa.

Ranar Asabar bayan an gama girbi muka je. Kawu Ishaya ya taso takanas daga Kaduna, ya sha babbar riga, tare da dattawa biyu na danginmu. Muka tafi da buhun dawa biyu da akuya. A zamanin kakanninmu sai saurayi ya yi shekaru yana noma wa surukinsa kafin a ba shi mata, abin da muke kira golmo, amma yanzu a cikin gari an sassauta, shi ya sa irina masu hannun alli ke samun aure. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, aka yi addu'a, aka gaisa, aka sha kunu. Ni ina can gefe a kan benci, kai a sunkuye kamar na kirki.

Kawu ya gyara murya zai fara, sai Baba Saje ya ɗaga hannu.

"Malam Ishaya, kun zo da alheri, mun gode. Amma kamin mu shiga magana, ina son yaron ga shi maimaita muna abin da ya hwaɗa ma ɗiyata, a gabanku. Don kada gobe a ce an ɓoye ma wani."

Kawu ya juyo yana murmushi. "Wane abu ke nan?"

Hanya biyu ce a gabana: in ce ƙarya na yi, ko in ci gaba da zama ɓarawo. Na auna su a gurguje, na ga ɓarawon ne Rifkatu ke so, don haka na zaɓe shi. Na fara magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, Malam," in ji Baba Saje. "Ai kai malami ne."

Na ɗaga. Ina kai wa wurin satar babur, Kawu ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ina kai wa gidan horo, ya miƙe tsaye.

"A gidana? A gidana kake kwana kana wannan ta'asar? Kai da nake nuna wa 'ya'yana ina cewa su yi koyi da kai?" Sai kuma ya tafa hannu. "Ashe kai ne ka ɗauke famfon kekena! Da rediyon matata! Muka kori mai wanki a banza!"

Wannan ya ba ni haushi ƙwarai. Mutumin da na yi wa shara da wanke-wanke shekara uku, cikin minti biyu ya yarda ni ɗan daba ne, bai ma tsaya ya tambayi kansa yaushe aka kai ni gidan horon bai sani ba. (Amma in faɗi gaskiya, can ƙasan raina na ɗan ji alfahari.)

Baba Saje ya ce, "Zamna, Malam Ishaya, ba mu ƙare ba." Ya juyo gare ni. "Tsohon ga mai agogo, shina da tabarau?"

"Eh, Baba."

"Da ɗan ƙaramin kare a igiya?"

Akwai kare a fim ɗin, amma na tabbata ban taɓa ambata wa Rifkatu shi ba. Bakina dai ya riga ni, na ji na ce, "Eh, Baba."

"Madalla. Rigar hwata kuma, cikin zahin Kaduna?"

"Lokacin sanyi ne, Baba."

"Ƙwarai kuwa. Sanyi sosai. Har ƙanƙara na zuba." Ya ɗaga murya. "Rifkatu! A hiddo talabijin, a tada janareta."

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Aka fito da talabijin aka ɗora a kan tebur a baranda, Baba Saje ya zaro filasha daga aljihun gaban rigarsa, ya soma yi wa dattawa bayani a tsanake. Ya ce da yana aiki an taɓa tura su kwas ƙasar Cekoslobakiya, tun ƙasar ba ta rabu biyu ba, don su koyi gyaran wasu jirage. Da za su dawo wani malaminsu ya ba shi kaset ɗin wannan fim. Shekara da shekaru yana ajiye da shi, da ya ga ya fara fumfuna sai ya kai shagon wani yaro Danladi a bakin kasuwa aka juya masa.

"Na ɗauka duk Zuru ni kaɗai ke da shi," ya ce. "Ashe mu biyu ne."

Ya kunna. Kuma bai tsallake ko minti ɗaya ba.

Awa ɗaya da rabi na zauna a kan bencin nan ina kallon tarihin rayuwata baƙi da fari, wani Bature mai dogon hanci yana fitowa a matsayina. Baba Saje yana fassarawa, don ya ɗan tsinci harshen, kuma ko sau ɗaya bai kira saurayin da sunansa ba. "Ga Malam nan za shi ture babur." "To, ga shi an kama Malam." "Kun ga yadda Malam ke ɗaukar bulo? Ƙarhi gare shi." Ƙarar janareta ta jawo maƙwabta, mata suka shigo da kujerunsu 'yan tsugunno, wasu suka leƙo ta kan katanga. Ɗaya daga cikin dattawanmu fim ɗin ya tafi da shi, ya manta abin da ya kawo mu, har ya roƙa a maido wurin gadar ya sake gani. Aka maido masa.

Da aka zo wurin ƙona riga a duro, wata mata ta ce, "Wayyo Malam, riga mai kyau haka!" Gidan ya kaure da dariya. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Kawu kuwa sai kallon talabijin yake yana kallona, can ya matso ya ce mini a kunne, "To famfon kekena fa?"

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da na kasa jurewa shi ne da na saci kallon ƙofar kicin. Rifkatu na tsaye da faranti a hannu, ita kaɗai ce ba ta dariya a duk gidan. Ta san fim ɗin mahaifinta yana nan, amma ba ta taɓa zama ta kalla ba, sai ranar. Tana gani da idonta duk maganar da ta yi wa kuka, ɗaya bayan ɗaya, tana fitowa a allon. Da yarinyar fim ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran saurayin, Rifkatu ta ajiye farantin a ƙasa ta shige ɗaki.

Aka gama, aka kashe janareta, Baba Saje ya sallami maƙwabta. Da gidan ya yi tsit ya dube ni, wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Malam, ka san abin da ya sa nike aje da wanga fim? Ina da shekara sha bakwai ba a yi ɗan banza kamata ba. Awakin mutanen ƙauyen Manga sun san ni. Na karya ma wani hannu a kasuwa, har ya mutu hannun bai miƙe ba. Ba son ƙasa ya kai ni soja ba, gudu na yi. Uwar Rifkatu ita ta maishe ni mutum." Ya zare filashar ya mayar aljihu. "Shekara arba'in ke nan, in zan hwaɗi wanga magana sai muryata ta shaƙe. Kai kuwa ɗiyata ta ce har da murmushi kake ba da naka. Tun nan na san ba kai ba ne, tun ba a zo ga agogo ba."

Dariyar da aka yi mini ba ta taɓa ni kamar wannan maganar ba. Na ari laifin da wani ya kwashe rayuwarsa yana nadama a kai, na sa shi kamar rigar biki.

Ya ce wa Kawu su koma da dawarsu da akuyarsu tukuna, za su ji daga gare shi. Muna fita, sai ga Rifkatu a zaure, idanunta sun yi ja. Dattawa suka wuce suka bar mu.

"Malam, sati uku ina faɗa da uwata saboda kai. Na yi azumi. Na tsaya gaban Baba na ce na yarda in auri ɓarawon da ya tuba. Amma ban san yadda ake yi da maƙaryacin da sai an tada masa janareta ba."

Na ce da 'yar muryar da ta rage mini, "Ai ke kika ce ba ni da labari."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "To yanzu ka samu."

Haka muka ratsa gari ni da su Kawu da rana tsaka, ni ke jan akuya, akuyar kuma tana turjewa tana kuka a kowace kwana don kowa ya fito ya gani. Kafin Litinin labarin ya riga ni zuwa makaranta. Malaman da muke aiki tare suka daina barin makullin baburansu a kan tebur, wai don kada tsohon hali ya motsa. Danladi kuwa ya ce tunda ya buɗe shago bai taɓa tura fim ɗaya sau da yawa kamar wannan ba.

Na ɗauka magana ta mutu. Na yi ta aika wa Rifkatu saƙon ban haƙuri, ba amsa. A majami'a in na zauna a dama sai ta koma hagu. Na rame, wannan karon ramar gaske, ba mai tausaya mini.

Sai da aka yi ruwan farko Baba Saje ya aiko a kira ni. Na same shi yana wasa garma. Bai ɗago kai ba ya ce yana da gona a hanyar Manga, in har yanzu ina son 'yarsa, kowace Asabar daga shuka har girbi yana son ya gan ni a can. "Golmo na damina guda. Kakanninka shekaru sunka yi, kai na rage maka. Kuma ban yi maka alkawarin komi ba, ita ke da ta cewa."

Na je. Ranar farko kafin rana ta take, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Ni da nake dukan tebur in yaro ya ja layi a karkace, kunyoyin da na yi sai ka ce hanyar maciji. Baba Saje yana biye da ni yana gyarawa, ba ya faɗa, ba ya yabo. Asabar ta biyu na yi amai a gindin kuka. Ta uku na fara gane yadda ake riƙe ƙota. Ba wanda ya ɗauke ni hoto, ba kiɗa a baya, bayana kuwa har Laraba yake ciwo.

Wata huɗu ina wannan noma Rifkatu ba ta yi mini magana ba. Ran nan cikin watan Agusta ta kawo mana abinci gona. Ta zuba wa kowa, da ta zo kaina ta ga yadda nake riƙe kwano da yatsu biyu, sai ta ce in buɗe hannu. Ta duba, ta buɗe jakarta ta ciro auduga da maganin ciwo mai raɗaɗin nan, ta danna mini ba tausayi. Na yi ƙara har tsuntsaye suka tashi.

"Da zafi?" ta tambaya.

"Da zafi!"

"Madalla. Yau dai ka faɗi abin da na yarda da shi."

Bayan girbi Kawu Ishaya ya sake tasowa daga Kaduna, muka sake ɗaukar dawa da akuya (wata akuyar, ta farkon na sayar don ba na son ganinta). Wannan karon aka bar ni a gida kamar yadda al'ada ta ce. Aka ɗaura mana aure da bazara. Yanzu 'ya'yanmu biyu, kuma har yau in na dawo gida a makare na fara bayanin yadda taya ta yi faci, sai Rifkatu ta saurara har ƙarshe sannan ta ce, "A wace ƙasa aka yi wannan?"

Fim ɗin dai bai yi ƙarya ba, so yana gyara mutum. Sai dai ni lafiyata ƙalau nake zaune, na je na ɓata kaina da hannuna don a samu abin gyarawa, aka kuwa samu. Saboda haka duk wanda aka ce masa ba shi da labari, shawarata ya yi shiru ya gode wa Allah. Ni nawa ya ci mini damina guda da fatar tafin hannu, kuma ko a taron dangi ba ni ake kira in ba da shi ba. Surukina ne ke bayarwa, da murmushinsa.